John Falconer: Baturen da ya karanta tarihin duwatsun ƙasar Sakkwato

Duk mai haƙar rijiya a Sanyinna ko wani gari na yankin Tambuwal da Kebbe ya san cewa ƙasa hawa-hawa take: ja a sama, sai ruwan ɗorawa, sai fara, kafin a cimma ruwa.

Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka rubuta bayanin kimiyya a kan wannan tsari shi ne John Downie Falconer, masanin duwatsu ɗan yankin Scotland na Birtaniya.

An haife shi a shekarar 1876, kuma ya yi karatu a Jami'ar Edinburgh.

A 1904, shekara guda bayan sojojin Birtaniya sun ci Sakkwato da yaƙi, aka naɗa shi jagoran ayarin binciken ma'adinai na Arewacin Nijeriya.

Manufar Turawan mulkin mallaka a bayyane take: suna son sanin irin arzikin da ke binne a ƙasar da suka mamaye.

Falconer ya shafe shekaru biyar yana zagaya lardunan Arewa a kan doki, yana tattara duwatsu yana auna tuddai.

A 1911 ya wallafa littafi kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Nijeriya, wanda masu nazarin kwarin Sakkwato ke ambata har yau a jerin ayyukan farko.

Binciken da ya soma, wanda wasu masana suka faɗaɗa kuma suka yi wa gyara daga baya, ya nuna cewa launin ƙasa shaida ce ta abin da ya wakana tun kafin zuwan ɗan Adam.

Jan launin marmarar da ke kan tuddan Gwandu da Birnin Kebbi tsatsa ce ta sinadarin ƙarfe, wadda zafi da ruwan sama suka haifar cikin dogon zamani.

Inda tsatsar ta haɗu da damshi, sai ta koma ruwan ɗorawa. Inda ruwa ya wanke ƙarfen, sai a samu farin yumɓu.

Shi kuwa farin dutsen Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, ya samo asali ne daga ɓawon halittun ruwa, domin kimanin shekaru miliyan 60 da suka shige wani teku marar zurfi ya taɓa rufe yankin.

Falconer ya koyar a Jami'ar Glasgow, sannan ya dawo Nijeriya, inda ya zama shugaban farko na hukumar binciken ƙasa da aka kafa a 1919. Ya riƙe muƙamin har zuwa 1927.

Daga nan ya yi aiki a ƙasar Uruguay da ke Kudancin Amurka. Ya rasu a 1947.

Ko da yake dukiya aka aiko shi nema, amfanin da ya fi shafar talaka daga ilimin da ya aza harsashinsa shi ne ruwan sha.

Rairayin da ke kwance tsakanin yumɓun Gwandu yana riƙe da ruwa mai yawa, kuma sanin zurfinsa ne ke raba rijiyar burtsatse mai ɗorewa da wadda za ta ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa.