George Beadle: Ɗan Manomin Da Ya Nemi Sirrin Gado A Jikin Fumfuna

Duk shekara idan na shiga aji domin koyar da sababbin ɗalibai ilimin tsarin sauti, nakan rubuta kalmomi biyu a allo: baki, wanda muke cin tuwo da shi, da baƙi, jam'in baƙo. Karin sautinsu ɗaya, tsawon wasulansu ɗaya, harafi guda kawai aka sauya, ma'ana ta tashi. Ta haka masanin harshe ke gane aikin sauti, wato ya taɓa abu guda ya ga abin da ya canza. Na daɗe ina ɗaukar wannan dabara tamkar gadon gidanmu, sai da na karanta tarihin George Beadle na ga ashe da irinta aka buɗe ɗaya daga cikin manyan ƙofofin ilimin halitta a ƙarni na 20.

An haifi Beadle a 1903 a wani ƙaramin gari mai suna Wahoo, cikin jihar Nebraska ta Amurka. Mahaifinsa manomi ne mai gona eka 40, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ƙaramin yaro. Da an bi ta mahaifin, da a gona zai ƙare. Wata malamarsa ta sakandare, Bess MacDonald, ita ta matsa masa ya tafi jami'a, ya kuwa shiga tsangayar aikin gona ta Jami'ar Nebraska a 1922. Mai karatu ya lura, tsangayar aikin gona na ce, wadda a wurinmu iyaye da yawa ke yi wa kallon matattarar waɗanda suka rasa gurbin likitanci. Daga nan ya wuce Jami'ar Cornell, inda ya yi digirin digirgir a kan gadon masara ƙarƙashin Rollins Emerson, ya kammala a 1931.

A wancan zamani masana sun san cewa akwai ƙwayoyin gado, sun san a jere suke a kan kuromosom, har ma suna iya zana taswirarsu. Abin da ya gagara shi ne sanin yadda ƙwayar gado ke aikinta. Ta yaya abin da ido ba ya gani zai sa idon ƙuda ya yi ja? A 1935 Beadle ya tafi Paris, inda shi da Boris Ephrussi suka riƙa ciro tsiron ido daga jikin tsutsar ƙudan 'ya'yan itace suna dasawa a cikin wata tsutsar. Sun gano cewa launin ido mataki-mataki yake samuwa, kuma kowane mataki akwai ƙwayar gadon da ke riƙe da shi. Da ya koma Jami'ar Stanford a 1937, sai ya ɗauki wani matashin masanin sinadarai, Edward Tatum, domin su gano sinadarin da ke tsakiyar wannan aiki. Suka shafe shekaru suna fama, ana dab da kaiwa gaci sai Adolf Butenandt da abokan aikinsa a Jamus suka riga su a 1940.

A ganina nan ne girman mutumin ya bayyana. Wani da sai ya zauna yana cizon yatsa, ko ya nace wa ƙudan nan har tsufa saboda a kansa aka san shi. Beadle juya tambayar ya yi. Maimakon a ga alama a jiki sannan a yi ta laluben sinadarin da ya haddasa ta, me zai hana a fara da sinadaran da aka riga aka sani, a lalata ƙwayoyin gado, a ga wanne halittar za ta kasa haɗawa? Halittar da ya zaɓa ita ce Neurospora, wata jar fumfuna mai fitowa a kan burodi. Ba ta da tsadar kiwo: sukari, da 'yan gishirin ma'adinai, da bitamin guda mai suna biyotin sun ishe ta, sauran abin da take buƙata da kanta take ƙerawa. Bugu da ƙari, kwafi ɗaya take da shi na kowace ƙwayar gado, saboda haka in ɗaya ta lalace babu 'yar'uwar da za ta rufa mata asiri.

Suka haska wa fumfunar hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka raini zuriyarta ɗaya bayan ɗaya a kan abinci mai wadata, sannan suka mai da kowace kan abincin talaka. Wadda ta kasa tsiro a nan, to wani abu ya karye a cikinta. Sai a riƙa ƙara mata sinadarai ɗaya-ɗaya har a dace da wanda zai farfaɗo da ita. Kwalba ta 299 ce ta fara amsawa: ta kasa haɗa bitamin B6, kuma da aka haɗa ta da lafiyayya aka bi zuriyarsu, sai aka tarar ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace. Suka wallafa sakamakon a 1941. Daga nan aka samo ƙa'idar da ta shahara, cewa kowace ƙwayar gado tana kula da enzayim guda, wato furotin mai tafiyar da mataki guda na haɗa sinadarai a jiki.

Ba nan take aka karɓa ba, an yi shekaru ana tababa. Amma a 1958 aka ba shi da Tatum rabin kyautar Nobel, ɗaya rabin kuma aka ba Joshua Lederberg. A laccarsa ta karɓar kyautar, Beadle ya mai da yabo ga wani likitan Ingila, Archibald Garrod, wanda tun 1902 ya hango irin wannan alaƙa a wata cutar gado mai mai da fitsari baƙi. Mu da muka saba ganin babba ya share sunan ƙarami daga takarda, balle na mamaci, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin fumfuna bai shafe shi ba. A tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya nuna cewa bambancin jinin mai sikila da na lafiyayye tubali ɗaya ne tak a cikin sarƙar furotin ɗin jini. Baki da baƙi ke nan. Duk saurayi da budurwar da aka tura gwajin jini kafin aure, a kan wannan tafarki na tunani suke tafiya, ko sun sani ko ba su sani ba.

Gaskiya ne ƙa'idar ba ta tsaya yadda aka faɗe ta ba. An gano wasu furotin sarƙoƙi biyu ne ko fiye, kowace da ƙwayar gadonta. An gano ƙwaya ɗaya kan iya fitar da furotin iri-iri. A 1961 kuma François Jacob da Jacques Monod suka nuna cewa wasu ƙwayoyin aikinsu kunnawa da kashe wasu ne. A yarenmu na masana harshe, Beadle ƙamus ya fara rubutawa, nahawun daga baya ya zo. Shi ma da alama kamancen bai ɓace masa ba, domin littafin da ya rubuta da matarsa Muriel a 1966 sunansa The Language of Life, wato harshen rayuwa.

Ya shugabanci sashen ilimin halitta na Caltech daga 1946, ya kuma zama shugaban Jami'ar Chicago daga 1961 zuwa 1968. Da ya sauka, sai ya koma gona. Tun 1939 yake cewa masara daga wata ciyawar Meziko ta samo asali, mai suna teosinte, wadda zangarniyarta ba ta wuce 'yan ƙwayoyi masu tauri kamar tsakuwa ba. Paul Mangelsdorf na Harvard da mabiyansa suka ƙi, suna ganin tazarar ta yi yawa. Tsohon shugaban jami'a, yana dosar shekara 70, ya haɗa ciyawar da masara ya shuka jikokinsu kimanin 50,000 yana duba su. Kusan ɗaya cikin 500 ta fito kamar kakarta ciyawa, ɗaya cikin 500 kamar masara, lissafin da ke nuna cewa manyan ƙwayoyin gadon da suka raba su ba su wuce huɗu ko biyar ba. Har gasa ƙwayoyin ciyawar ya yi suka fashe kamar gugguru, domin ya nuna mutanen da za su iya ci.

Ciwon mantuwa ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a Kalifoniya ranar 9 ga Yuni, 1989. Bai ga ƙarshen muhawarar ba. A 1997 John Doebley da abokan aikinsa suka ware ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan, mai suna tb1, suka tarar ciyawar ma tana da ita. Masara dai ta fi kunna ta ne, kusan ninki biyu, shi ya sa ta rage rassa ta miƙe kara guda, kamar yadda muke ganinta a gonakin Saminaka da Funtuwa.