Marigayi Abdou Moumouni Dioffo da tarbiyyar ɗan ƙasa

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin mutumin da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa. Da yawa cikinmu sun san sunan, ba su san mai shi ba.

An haifi Abdou Moumouni a Tasawa a shekarar 1929. Ya yi lekol a Damagaram da Yamai, daga nan aka tura shi makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, wadda ta horar da malamai da ma'aikatan Afirka ta Yamma a zamanin Turawa. Ya wuce Faransa, a 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta fannin kimiyya. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken amfani da hasken rana, daga baya kuma ya riƙe jami'ar Yamai.

Amma mu malaman firamare, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne littafin da ya fitar a 1964 kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa tun kafin lekol muna da tarbiyya mai tsari. Yaro yana tashi tare da tsararsa, kowane mataki da aikinsa: aike, kiwo, gona, gayya, har ranar da za a ba shi wurin zama cikin manya. Duk gari ne malaminsa. Dattawan Bazaga ba sa bukatar littafi kafin su shaida wannan. Lekol ta Turawa kuwa, a ganinsa, an kafa ta ne domin samar da akawu da tafinta, sai ta raba yaro da harshensa da mutanensa. Bai ce a koma baya ba, domin ya san tarbiyyar da ba ta da rubutu tana da iyaka. Abin da ya nema shi ne a koyar da yara cikin harshen uwa, manya su ma a yi musu yaƙi da jahilci.

Muna ganin gaskiyarsa kullum a cikin aji. Yaro zai haddace haƙƙi da wajibin ɗan ƙasa da Faransanci ba kuskure, amma ka ce ya bayyana wa babansa da Hausa amfanin takardar haihuwa ko inda kuɗin haraji ke zuwa, sai ya sunkuyar da kai. Ga shi kuma kaka na wucewa iyaye maza sun tafi Ikko ko Abijan, yaron ya rasa wanda zai bi gona ko dandali.

Allah ya yi wa Abdou Moumouni rasuwa ranar 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Sai a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, shekara 61 bayan fitowar littafinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.