Shehu Musa 'Yar'aduwa: Janar ɗin da ya nemi a yanka wa mulki wa'adi

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa da gwamnoni zango biyu na shekara huɗu-huɗu, amma bai sa wa 'yan majalisa iyaka ba. Mai wakiltar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na iya komawa Abuja sau shurin masaƙi, muddin masu ƙuri'a a Ruwan Godiya da maƙwabtanta ba su juya masa baya ba. Masu muhawara kan wannan giɓi ba kasafai suke tuna cewa maganar wa'adi ta taɓa kai wani Bakatsine kurkukun da bai fito da rai ba.

An haifi Shehu Musa 'Yar'aduwa a Katsina ranar 5 ga Maris, 1943. Mahaifinsa, Mutawallin Katsina Musa 'Yar'aduwa, shi ne ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Shehu ya sami horon soja a Kaduna da Sandhurst ta Ingila, ya kuma fafata a yaƙin basasa. Da aka kashe Janar Murtala Muhammed a 1976, sai ya zama na biyu a gwamnatin Obasanjo. Ranar 1 ga Oktoba, 1979 suka miƙa wa Shehu Shagari mulki, ya tuɓe kaki yana ɗan shekara 36, shekarun da wasu ke fara neman kujera.

Siyasa ba ta yi masa sassauci ba. A 1992 yana kan gaba a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar SDP, Babangida ya soke zaɓen. A 1994 aka zaɓe shi wakili a taron tsarin mulkin da Janar Abacha ya kira, taron da mutane da yawa suka ɗauka na jan lokaci ne kawai. Shehu bai tafi ɗumama kujera ba. Ya yi ta haɗa kan wakilan Arewa da Kudu, har a Disamba zauren ya tsayar da 1 ga Janairu, 1996 a matsayin ranar da soja za su sauka.

A Maris 1995 aka kama shi bisa zargin juyin mulki. Bayan an tsare shi, taron ya janye wa'adin. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 25. Allah ya yi wa Tafidan Katsina rasuwa yana fursuna a Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997.

Obasanjo, wanda aka ɗaure kan wannan zargi, ya fito ya zama shugaban ƙasa. Ranar 16 ga Mayu, 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran da zai buɗe masa ƙofar zango na uku, kuma ƙanin Shehu, Umaru, shi ya gaje shi a 2007. A Majalisar Tarayyar da ta hana wancan tazarce, akwai waɗanda suka shiga tun 1999 suka haura shekara ashirin a ciki, irin su Ahmad Lawan na Yobe.