Arthur Rimbaud da Gidan da Bai Taɓa Kwana a Cikinsa Ba

A cikin ganuwar tsohon birnin Harar, gabashin ƙasar Habasha, akwai wani bene mai fuskar katako da tagogin gilashi masu launi-launi. Sunan da aka liƙa masa shi ne Gidan Rimbaud, wato Arthur Rimbaud, ɗaya daga cikin manyan sha'iran Faransa na ƙarni na 19. Sai dai wani attajiri ɗan Indiya ne ya gina benen, bayan ƙasa ta rufe idon sha'irin. Rimbaud ya zauna a Harar, wannan babu ja, amma bai taɓa taka dokin ƙofar wannan gida ba.

An haife shi ranar 20 ga Oktoba, 1854, a garin Charleville da ke arewa maso gabashin Faransa. Mahaifinsa soja ne da ya yi aiki a Aljeriya ya kuma san Larabci, amma ya bar iyalinsa tun yaron yana ƙarami. Rimbaud ya tashi da kaifin basira da taurin kai. Yana ɗan shekara 16 ya aika wa sha'iri Paul Verlaine waƙoƙinsa, shi kuwa ya kira shi Faris. Tarayyar tasu ta kai su Landan, ta ƙare a Brussels cikin Yulin 1873, ranar da Verlaine ya harbe shi a wuyan hannu, aka ɗaure shi. Gidan da suka yi haya a unguwar Camden ta Landan yana nan, kuma allon da aka kafa a bangonsa gaskiya ya faɗa, ko da yake zaman nasu a ciki bai cika wata biyu ba.

Yana da kimanin shekara 20 ya ajiye alƙalamin waƙa, bai sake ɗauka ba. Ya shiga sojan Holan a 1876, aka kai shi tsibirin Java ya gudu, ya yi aikin kula da masu fasa dutse a Saifurus, sannan a 1880 ya sauka Adan ta ƙasar Yaman, inda kamfanin Alfred Bardey mai fataucin kofi ya ɗauke shi. A Disambar shekarar ya isa Harar, lokacin tana hannun Masarawa, ya sauka a gidan da kamfanin ya kama a dandalin kasuwar dawaki.

Wanda mutanen Harar suka sani falke ne, mai sayen kofi da fatu da hauren giwa, mai jin Larabci da harsunan ƙasar, mai ƙorafin zafin rayuwa a wasiƙunsa zuwa ga mahaifiyarsa. Ya taɓa roƙon a aiko masa da fassarar Alƙur'ani cikin Faransanci. A ƙarshen 1886 ya ɗauki bindigogi kusan 2,000 zuwa wurin Sarki Menelik na Shewa, yana tsammanin riba mai tsoka. Sarkin ya karya farashi, ya kuma zare bashin da ake bin abokin cinikinsa da ya mutu. Rimbaud ya koma Harar a 1888, a zamanin gwamna Ras Makonnen, mahaifin Sarki Haile Selassie. A can Faris an soma buga waƙoƙinsa ana yabo, shi kuwa yana auna buhunan kofi.

Farkon 1891 gwiwarsa ta dama ta kumbura. Maza 16 suka ɗauke shi a makara, tafiyar kusan kilomita 300 zuwa gaɓar Zeila. An yanke ƙafar a asibitin Marseille cikin watan Mayu, ya rasu ranar 10 ga Nuwamba yana da shekara 37. A wasiyyarsa ya bar kuɗi ga baransa Djami, ɗan Harar.

Ba abin mamaki ba ne da aka zaɓi benen Ba'indiyen. Gini ne mai ɗaukar ido, kuma baƙon da ya keto duniya yana son a nuna masa ɗaki a ce nan mutumin ya kwanta. Amma suna a jikin bango ya fi bayanin masana saurin shiga kai, kuma yawancin masu ziyara ba sa tambayar shekarar da aka sa harsashin ginin. An gyara gidan da taimakon Faransa, aka buɗe shi a matsayin cibiyar al'adu a 2000. Abin da ya fi kusa da Rimbaud a cikinsa shi ne kwafin hotunan da ya ɗauka da kansa a Harar a 1883, ciki har da nasa, yana tsaye cikin farin tufafin auduga, fuskarsa ta dusashe har ba a iya gane ta sosai.