Taiichi Ohno: Daga Masaƙar Auduga Zuwa Masana'antar Toyota

Mu da muke zaune a ƙasar auduga, daga Tcholliré har Garwa, ina ga ya kamata mu san wannan mutumin, domin shi ma a cikin zare ya fara. An haifi Taiichi Ohno a 1912 a Dalian ta ƙasar Sin. Ya gama makarantar fasaha a Nagoya a 1932, ya kama aiki a masaƙar iyalin Toyoda. Sai a 1943 ya koma sashen ƙera motoci.

A masaƙar ya ga injin saƙa na Sakichi Toyoda, wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke. Wannan ya kawo cikin aikin mota: ma'aikaci, komai ƙanƙantar matsayinsa, yana da ikon ja igiya ya tsayar da layi idan ya ga aibi.

Bayan yaƙin duniya Toyota ba ta da kuɗin tara kaya. A 1950 ma sai da aka sallami ma'aikata fiye da dubu. Ohno ya ɗauki dabarar manyan kantunan Amurka, inda ba a cika kanta sai mai saye ya ɗauki abin da ke kai. Ya fito da kati mai suna kanban: sashen da ke buƙatar kaya ya aika da kati, sashen da ke baya ya ƙera daidai adadin, ba ƙari. A wurinsa ƙera abin da ba a nema ba shi ne babbar ɓarna cikin ɓarna bakwai da ya lissafa.

Ni malami ne, don haka alli ya fi burge ni. Yakan zana da'ira a ƙasa, ya sa injiniya ya tsaya ciki awa da awanni yana kallon aiki har ya gano inda lokaci ke zuba. In inji ya lalace kuma, a tambayi dalili sau biyar. An ce mutum ne mai zafi, ma'aikata sun sha fama da shi.

Sai dai fa tsarinsa na son hanya mai kyau da kaya masu zuwa a kan lokaci. Ɗan kasuwarmu da ke cika shago kafin damina ta ɓata hanya ba wauta yake yi ba.

Duniya ba ta kula da shi sosai ba sai bayan tashin farashin mai na 1973. Ya zama mataimakin shugaban kamfanin a 1975, ya fitar da littafinsa a 1978, ya mutu a 1990.