IMAM JALALUDDIN SUYUƊI: MALAMIN DA YA RAYA AZUMI DA SALLA DA ALƘALAMI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa zama wurin tafsiri cikin watan azumi, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ya san littafin nan da malam ke buɗewa gabansa, mai jan baƙi yana kawo aya, malam yana fassara. Jalalaini kenan. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa kusan rabin wannan littafi saurayi ne ya rubuta shi, kuma cikin azumi da kwanakin ƙaramar Salla ya yi aikin.

Haihuwarsa da karatunsa

Sunansa Abdurrahman ɗan Abubakar, ana yi masa laƙabi da Jalaluddin. An haife shi a Alƙahira cikin watan Rajab na shekara ta 849 bayan Hijira, daidai da 1445. Ana ce masa Suyuɗi saboda asalin gidansu garin Asyuɗ ne, a kudancin Masar. Mahaifinsa malamin fiƙihu ne, kuma ya rasu a 855, yaron yana da shekara 5 da ƴan watanni. Maraici bai datse masa hanya ba, domin abokan mahaifin sun riƙe shi, cikinsu har da babban malamin Hanafiyya Ibnul Humam.

Ya haddace Alƙur'ani bai cika shekara 8 ba. Ya karanci fiƙihun Shafi'iyya wurin Alamuddin Bulƙini da Sharafuddin Munawi, ya ɗauki nahawu da hadisi wurin Shumunni, ya lazimci Kafiyaji shekara 14. A 866 aka ba shi izinin karantar da Larabci, kuma a wannan shekara ya yi wallafarsa ta farko, wato sharhin Isti'aza da Basmala. Malaminsa na daban shi ne ɗakin littattafai na makarantar Mahmudiyya, inda dubban littattafai ke ajiye bisa waƙafi. Nan yake zuwa, yana karatu, yana kwafar abin da ya amfane shi.

Kwana arba'in

Sheikh Jalaluddin Mahalli ya fassara Alƙur'ani daga Suratul Kahfi zuwa Nasi, ya koma ya yi Fatiha, sai ajali ya riske shi a 864. Littafin ya zauna shekara 6 babu wanda ya cika shi. Ranar 1 ga Ramadan ta 870, wato 1466, Suyuɗi ya ɗauki alƙalami ya fara daga Baƙara, alhali bai cika shekara 22 ba. Ya bi azumin nan yana rubutu, Salla ta zo ta same shi bisa aikin, ya kai ƙarshen Suratul Isra'i ranar 10 ga Shawwal. Kwana 40 kenan. Bai fitar da shi nan take ba, sai da ya sake dubawa, ya gyara, ya kwafe shi a tsabtace cikin watan Safar na 871.

Abin lura a nan shi ne ladabin saurayin. Bai nemi nuna kansa ba. Ya bi tafarkin Mahalli sau da ƙafa: gajeren bayani, zaɓen maganar da ta fi rinjaye, ambaton li'irabi da ƙira'a inda ake bukata kawai. Har yau mai karatu kan tsallaka daga Isra'i zuwa Kahfi bai ji cewa hannu ya sauya ba. Da yake su biyun duk Jalaluddin ne, sai aka kira littafin Jalalaini.

Wallafe-wallafensa da jarrabawarsa

Littattafansa sun haura 500, manya da ƙanana. Cikinsu akwai Itƙan a ilmomin Alƙur'ani, da Durrul Mansur a tafsiri da ruwaya, da Jami'us Sagir da Tadribur Rawi a hadisi, da Muzhir a lugga, da Tarihul Khulafa. Almajirinsa Dawudi ya ba da labarin cewa ya gan shi ya rubuta kundi 3 cikin yini guda.

Wannan yawan rubutu ya jawo masa suka. Malamin hadisi Sakhawi ya tuhume shi da kwasar littattafan magabata daga Mahmudiyya yana jingina wa kansa, shi kuma ya mayar da martani mai zafi. Rikicin tsara ne tsakanin malamai biyu, Allah Ya gafarta musu. Abin da mai karatu ke iya gani da idonsa shi ne, a farkon Itƙan Suyuɗi ya jero sunayen littattafan da ya ciro daga cikinsu, kuma ta hanyarsa ne maganganun littattafai da yawa da suka ɓace suka iso gare mu.

Da ya kai kimanin shekara 40 sai ya janye daga fatawa da yawan cuɗanya. Bayan an raba shi da shugabancin zawiyar Baibarsiyya a 906, ya tare a gidansa na tsibirin Rauda cikin kogin Nilu. Sarki Ƙansuhul Gauri ya aiko masa da dinari 1000 da bawa guda. Ya mayar da kuɗin, ya ƴanta bawan.

Alaƙarsa da ƙasarmu

Tun yana raye alhazan ƙasar Takruru kan biya ta Alƙahira su yi karatu wurinsa, su sayi littattafansa, su ɗauro su bisa raƙuma. Ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim, yana yi musu horo da adalci da tsoron Allah. A 898 tambayoyi suka je masa daga wannan yanki a kan al'adun mutane da sha'anin sarakuna, amsarsa kuwa tana cikin littafinsa Alhawi. Bayan shekara ɗari uku, Sheikh Abdullahi ɗan Fodiyo ya waƙe ilmin da ke cikin Itƙan a littafinsa Miftahut Tafsir.

Rasuwarsa

Ya rasu a Rauda ranar 19 ga Jumada Ula ta 911, daidai da 1505, yana da shekara 61 da watanni. An rufe shi a Alƙahira, wajen ƙofar Ƙarafa.

Darasi gare mu

Ya ƴan'uwa, mu ɗabi'armu ita ce da an ga watan Salla sai a rufe tafsiri, a naɗe littafi a tsumma, sai baɗi. Yara su sami hutun makaranta, su ƙare shi ba su buɗe allo ko takarda ba. Suyuɗi kuwa da kwana 40 na irin wannan lokaci ya bar abin da ake karantawa fiye da shekara 550. Ba a ce kowa ya yi tafsiri ba. Amma magidanci na iya ware sa'a guda bayan la'asar ya zauna da iyalinsa a kan littafi ɗaya har su sauke shi. Ɗalibi na iya riƙe takarda wurin karatu, ya rubuta abin da ya ji da sunan littafin da aka ciro shi. Mai hali kuma na iya haɗa wa ɗansa littafi cikin kayan Salla, ko ya ajiye wani a masallacin unguwa waƙafi.

Allah Ya ji ƙan Imam Suyuɗi da malamansa, Ya amfane mu da ilminsu, Ya sa albarka cikin lokutanmu. Amin.