Elie Metchnikoff, malamin da ya nemi tsawon rai a cikin nono

Ranar da na gaya wa ɗalibaina cewa nonon da muke dama fura da shi cike yake da ƙwayoyin bakteriya, wata yarinya ta yamutsa fuska ta ce ita kam ta daina sha. Maganarta ce ta sa na koma karanta tarihin Elie Metchnikoff.

An haife shi a 1845 kusa da birnin Kharkiv, a ƙasar Yukren ta yau. Masanin halittu ne, ya koyar a jami'ar Odessa. Matarsa ta farko ta rasu da tarin fuka a 1873, abin da ya jijjiga shi ƙwarai. A 1882, yana Messina ta Italiya, ya soka ƙaya a jikin jaririn tauraron teku, washegari ya ga wasu ƙwayoyin jiki sun yi wa ƙayar taron dangi. Daga nan ya gano cewa jiki yana da sojojin da ke haɗiye baƙin ƙwayoyi. Aikin nan ne ya ba shi kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich.

A 1888 ya koma Cibiyar Pasteur a Paris. Lokacin annobar kwalara, mutumin nan da kansa ya kurɓi ruwa mai ƙwayar cutar, bai kamu ba, amma wani da ya sha ya kusa sheƙawa. Me ya bambanta su? Sai ya yi zargin bakteriyar da ke zaune a hanjin kowa, don ya ga wasu suna hana ƙwayar kwalara yaɗuwa, wasu kuma suna taimaka mata.

Daga nan hankalinsa ya koma kan manoman Bulgariya masu yawan shan kindirmo. Ya ɗauka tsamin da bakteriyar nono ke yi yana danne masu ruɓar da abinci a hanji, waɗanda a ganinsa su ne ke gaggauta tsufa. Kullum sai ya sha, amma fa sai an tafasa madarar tukuna.

Ya rasu a 1916 da ciwon zuciya yana da shekara 71. Kindirmo bai kai shi ɗari ba, kuma daga baya an nuna cewa bakteriyar Bulgariya ba ta daɗewa a hanjin mutum. Sai dai batun yaƙi tsakanin bakteriya ya tabbata. A 1925 André Gratia ɗan Beljiyam ya gano wani dafi da wata E. coli ke fitarwa don kashe 'yan'uwanta. Irin wannan dafi shi ake kira bakteriyosin. Ɗaya daga ciki, nisin, wata bakteriyar nono ce ke yin sa, har ana zuba shi a cuku don kada ya lalace. Yau masu haɗa furobayotik, wato bakteriya masu amfani da ake sha, suna duba irin wannan makami wajen zaɓen nau'in da za su saka.

Abin da na koma na gaya wa ɗalibata ke nan: ta ci gaba da shan nononta, in dai an tafasa madarar kuma ƙwaryar na da tsabta. Mu manya kuma mu daina sayen kafso barkatai ba izinin likita, domin ba ya tantance mugu da nagari a cikin hanji.